Me ya sa bidiyon kai-tsaye yake yawan tsayawa?

Kana tsaka da kallon tafsiri ko ƙwallo kai-tsaye, sai hoto ya daskare, 'yar da'irar nan ta kama juyawa. Kafin ka ɗora wa wayarka laifi ko ka sake sayen data, bari mu ga abin da ke faruwa.

Bidiyo ba ya zuwa wayarka a dunƙule. Yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowane yanki na 'yan daƙiƙu, sai wayar ta tara kaɗan kafin ta nuna maka. Ɗauke shi kamar randa: intanet ne mai ruwan da ke juye jarkoki, kai kuma kana ɗiba. In ɗibarka ta fi zubawarsa sauri, randa ta ƙafe, hoto ya tsaya. A shirin kai-tsaye randar ƙarama ce, don ba a tara abin da bai riga ya faru ba. Shi ya sa ya fi bidiyon da aka ɗora tun jiya saurin yankewa.

To, mene ne maganin? Rage ɗiba. Shiga saitin bidiyon ka sauke ingancin hoto. A shawarar YouTube, 1080p na buƙatar gudun megabit 5 a daƙiƙa, 720p na son 2.5, shi kuwa 360p 0.7 ya ishe shi. A wannan lissafin, awa ɗaya a 720p za ta ci maka kamar gigabait 1, a 360p kuma wajen megabait 300. In wa'azi ko lacca kake saurare, ai murya ce kan gaba, ba ka yi asarar komai ba. Kana iya gwada gudun sabis ɗinka a fast.com. Ka kuma sani cewa da daddare kai da dukan maƙwabta kuke rabon ƙarfin turken sabis guda, don haka ko sandunan waya sun cika, gudun na iya raguwa.

In hoto na tafiya amma babu sauti, sau da yawa ba lalacewa ba ce. Facebook da Chrome sukan fara bidiyo a rufe da murya, sai ka taɓa alamar lasifika. Duba kuma Bluetooth: wataƙila sautin na can yana fita a wata lasifika a ɗaki.

In baki na motsi amma magana na zuwa a makare, cire abin kunne na Bluetooth ka gwada mai igiya. Sai an matse sauti kafin a aika shi ta iska, sannan a warware shi, wannan kuwa na cin ɗan lokaci. In bai daidaita ba, rufe bidiyon ka sake buɗewa.

In hoto na tsalle-tsalle alhali sabis lafiya lau, taɓa bayan wayar. Idan ta yi zafi, da kanta take rage gudun aikinta don kada ta lalace. Cire mata riga, zare caja, rufe sauran manhajoji, ka kai ta inuwa.

Duk ka yi wannan bai gyaru ba? Buɗe wani bidiyon daban. In shi yana tafiya sumul, matsalar daga wajen masu watsa shirin take. Nan kam sai haƙuri, kada ka ƙona datarka a banza.