Yahaya Nahawi na Iskandariyya da Hujjar Faruwar Duniya

Duk wanda ya karanci tauhidi a zaure, musamman Ummul Barahin ta Shaihu Sanusi, ya san cewa hujjar da ake fara kafawa a kan samuwar Mahalicci ita ce faruwar duniya, wato duniya fararriya ce, ba daɗaɗɗiya ba. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, wani ginshiƙi na wannan hujja ya biyo ta hannun wani masanin falsafa Kirista da ya rayu a Masar kafin bayyanar Musulunci. Girkawa sun san shi da Yohanna Filoponus, laƙabin da ke nufin mai son aiki tuƙuru, Larabawa kuwa suka kira shi Yahaya Nahawi.

An haife shi wajajen shekarar 490, ya rasu wajajen 570. Ya yi karatu a Iskandariyya a gaban Amoniyus, ya kuma fara ne da rubuta sharhi a kan littattafan Aristo bisa al'adar makarantarsu. A wancan zamani, manyan masu falsafa sun tafi a kan cewa duniya ba ta da farko. A shekarar 529, wadda a cikinta Sarki Jastiniyan ya hana maguzawa koyar da falsafa a Atina, Yahaya ya fitar da raddi ga hujjoji 18 da Firokulus ya kawo a kan daɗewar duniya. Daga baya ya sake yin wani raddin ga Aristo kansa.

Abin lura a nan shi ne makamin da ya zaɓa. Bai dogara da nassin littafinsa mai tsarki ba, domin ya san abokan jayayyarsa ba su yarda da shi ba. Sai ya ɗauki ƙa'idar Aristo ya juya ta a kansa. Aristo ya ce abin da ba shi da iyaka ba a ƙetare shi. Yahaya ya ce to, in har duniya ba ta da farko, kwanakin da suka shuɗe kafin yau ba su da iyaka, kuma ga shi an ƙetare su an iso yau. Ya ƙara da cewa adadin mutanen da suka rayu zuwa zamanin Sukurat zai zama marar iyaka, alhali an haifi wasu bayansa, ke nan an yi ƙari a kan abin da ba shi da iyaka. Hujja ta uku ta fi armashi: Zuhal yana kammala kewayensa cikin shekara 30, Mushtari cikin 12, rana kuwa, a fahimtar lokacin, cikin shekara guda. In duk sun daɗe suna kewayawa ba farko, marar iyakar rana zai ninka na Zuhal sau talatin, abin da Aristo ba zai amince da shi ba. Gaskiya ne cewa lissafin da Kanto ya zo da shi a ƙarni na 19 ya raunana hujja ta biyu da ta uku, amma ta farko har yanzu ana tafka muhawara a kanta.

Da ya ƙi yarda cewa sama dawwamammiya ce, sai ya ƙi yarda kuma cewa an yi ta da wani sinadari na daban. A wurinsa taurari da ƙasa duk halitta ce mai bin doka ɗaya. Ya kuma musa cewa iska ce ke tura dutsen da aka jefa. Ya ce hannun majefi ne ke sanya masa wani ƙarfi da ke raguwa a hankali. Ya ma lura cewa in an saki abubuwa biyu masu bambancin nauyi daga sama, tazarar isowarsu ƙasa kaɗan ce ƙwarai. Galileyo ya ambace shi a rubuce-rubucensa na farko, bayan kusan shekara dubu.

A gida dai bai samu karɓuwa ba. Simfilisiyus, tsaransa, ya riƙa yi masa ba'a cewa nahawu kawai ya sani, ko da yake dogayen maganganun da ya ciro don ya rusa su ne suka adana mafi yawan abin da ya rage na raddinsa ga Aristo. Coci ma ta juya masa baya: bayaninsa game da Triniti ya sa aka zarge shi da cewa alloli uku ne, aka kuma la'ance shi a taron Kustantiniya na 680 zuwa 681, fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa.

Masu fassara na zamanin Abbasiyawa ne suka raya sunansa. Alkindi ya gina hujjarsa ta faruwar duniya a kan irin wannan tunani, Alfarabi ya rubuta masa raddi don kare Aristo, Ibn Sina kuwa ya karɓi ra'ayin ƙarfin da ake sanya wa abin jifa ya kira shi maili. A cikin Tahafutul Falasifa, Imam Gazali ya kawo misalin rana da Mushtari da Zuhal da alƙalumansu kamar yadda Yahaya ya tsara. Wannan bai nuna cewa malaman kalam kwafa kawai suka yi ba, domin hujjarsu ta jiki da sifofinsa masu bijirowa tasu ce. Korewar faruwar abubuwa marasa farko ita ce gaɓar da tasirinsa ya fi bayyana.

Shahararsa a wurin Larabawa ta kai har Ibn Nadim ya ruwaito a Fihrist cewa ya sadu da Amru ɗan Asi lokacin da aka ci Masar, kuma Amru ya girmama shi. Lissafin shekaru bai goyi bayan ruwayar ba, domin Iskandariyya ta faɗa hannun Musulmi ne a 641 zuwa 642, kimanin shekara 70 bayan rasuwarsa.