Yadda ake ɗora jadawalin aiki kan jadawali a PowerPoint don a ga jinkiri ƙarara

A tarurrukan bin diddigin ayyuka, ko a ma'aikatar magajin gari ko a ofishin furoje, abin da masu ba da kuɗi da ƴan majalisar gari ke son sani shi ne inda aka ce za a kai da inda aka kai. Dogon bayani da baki ba ya gamsar da su, gani ya kori ji. Shi ya sa ma'aikata da dama ke amfani da jadawalin Gantt.

Jadawalin ya samo suna daga Henry Gantt, injiniya ɗan Amurka da ya yaɗa shi tsakanin 1910 da 1915. Ana jera sassan aiki daga sama zuwa ƙasa a hagu, kwanaki ko watanni kuma a kwance. Kowane sashe yana da sanda mai nuna ranar farawa da ranar gamawa.

A ce ana gina azuzuwa 3 da ake son kammalawa kafin komawa makaranta a Oktoba. A tsarin farko, harsashi a Maris, bango a Afrilu da Mayu, rufi kafin damina ta kankama a Yuni. A zahiri kuwa siminti ya makara, bango ya kai Yuli. Idan aka haska jadawalan biyu lokaci guda, sanduna sukan cakuɗe, mai kallo ya rasa na bi. Dabarar ita ce a ɗora na biyu a kan na farko, a sa shi ya fito daki-daki.

Sharaɗi na farko shi ne ma'aunin lokaci ya zama ɗaya. Idan an zana su da Excel, sai a saka ranar farko da ta ƙarshe da hannu, iri ɗaya a duka biyun, domin manhajar takan zaɓi iyakokin da kanta. Idan na ƙasa ya ƙare a Oktoba, na sama kuma a Disamba, amma faɗinsu ɗaya, sandunan na sama za su takure, jinkirin wata 2 ya yi kamar babu shi. Wannan yaudarar ido ce, ko da ba da niyya aka yi ta ba, kuma a kanta ne za a yanke shawarar sakin kuɗi ga ɗan kwangila.

Bayan nan sai a ba sandunan tsarin farko launin toka, na zahiri launi mai ƙarfi kamar ja, a rage kaurinsu don tokar ta riƙa leƙowa. A cire launin bayan jadawalin sama, in ba haka ba zai rufe na ƙasa.

Motsin kansa yana ƙarƙashin shafin Animations. A PowerPoint na Faransanci, wanda aka fi samu a ofisoshin Nijar, ana zaɓar Balayer, a sa shi ya taso daga hagu, yadda sanda za ta miƙe kamar tafiyar kwanaki. A zaɓi Au clic, domin mai bayani ya fito da kowace sanda sa'ad da ya zo kanta. Volet Animation yana nuna jerin motsin, a nan ake gyara wanda zai riga wani. Mai PowerPoint 2019 ko Microsoft 365 yana da wata hanya, wato Morphose: ya kwafi shafin, ya tsawaita sandunan a kwafin, manhajar ta nuna miƙewarsu da kanta. Sanduna masu juyi ko tsalle ɗauke hankali kawai suke yi.

Motsin ba ya bin takarda. Idan aka buga shafin, ko aka mayar da shi PDF don a tura ta WhatsApp, duk sandunan za su fito tare. Don haka a tanadi wani kwafi mai shafuka 3: tsarin farko, halin da ake ciki, sannan biyun a haɗe da adadin kwanakin jinkiri a rubuce gefen kowace sanda. Wannan kwafin ne zai yi amfani idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar taro, kuma shi ne waɗanda ba su halarta ba za su karanta.