YARO MAI FIRGITA BA YA ƊAUKAR KARATU

Uwargida, ko malam ya taɓa aiko miki cewa ɗanki ba ya zama wuri ɗaya a aji, ko ya cika faɗa, ko kuwa in an tambaye shi sai ya yi tsuru-tsuru? Kafin ki ɗauki bulala, tsaya ki karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Allah ya yi wa ɗan Adam jijiyoyi da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka, suka ratsa jiki duka. Waɗansunsu suna aiki ba da saninmu ba. Su ke kula da bugun zuciya da numfashi da narkar abinci. Kashi biyu ne. Ɗaya na tayar da jiki ne: in mutum ya tsorata, sai wani ruwa mai suna adirenalin ya zubo cikin jini daga bisa ƙoda. Nan da nan gaba ya shiga dukan uku-uku, baki ya bushe, gumi ya karyo. Ɗayan kuwa na kwantar da jiki ne bayan tsoro ya wuce.

In jikin yaro ya tashi haka, ɗayan uku zai yi: faɗa, ko gudu, ko ya ƙame ya kasa magana. Sau da yawa ba taurin kai ba ne. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai sa mutum ya yi tunani kafin ya aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Don haka yaro a wurin babba yake aron natsuwa. Tsawa da duka ƙara tayar da shi suke yi.

ABIN DA ZA KI YI

1. Kada ya tafi makaranta da yunwa. Ko koko da ƙosai ne, a ba shi.
2. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. A kwantar da shi da wuri.
3. In ya fusata, fara da kanki. Ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa daɗewa. Yi haka sau 5. Wannan yana rage gudun zuciya.
4. Durƙusa daidai tsayinsa, ki sassauta murya, ki ba shi ruwa. Sai ya huce za a yi masa faɗa, a lokacin zai ji.
5. Ke da maigida, ku daina cacar baki a gabansa.

MALAM MA MUTUM NE

Irin jijiyoyin nan malam ma yana da su. Ya wuni da aji cike da yara, ga surutu, ga zafi. Kada ki je masa da faɗa. In an yi rasuwa a gida, ko haihuwa, ko ƙaura, a sanar da shi don ya gane halin yaron. Malam mai yawan ciwon kai da rashin barci ya zo a auna jininsa. In yana kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, hawan jini ne.

KAWO YARO ASIBITI IN:

- yana yin zuru na ɗan lokaci, a kira shi bai sani ba, don wata farfaɗiyar ba ta kayar da mutum;
- kunnensa yana ruwa, ko ba ya ji sosai;
- tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, alamar ƙarancin jini;
- ya koma fitsarin kwance bayan ya daina;
- ya ƙi makaranta kwatsam, yana kuka da ciwon ciki kowace safiya.

Tambayi malamar asibiti yau, kada ki ji kunya. RIGAKAFI YA FI MAGANI.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha