Rana Ɗaya Ce, Me Ya Raba Maƙwabta?

Duk wanda ya zaga Sabon Garin Gusau ya ɗaga kai, lalle zai ga abin da iyayenmu ba su gani ba, watau baƙaƙen faranti bisa rufi suna shan rana. Su ne farantan sola, masu mai da hasken rana wutar lantarki. Amma fa wannan gida yana da su, maƙwabcinsa babu. In ka bi hanyar Funtuwa zuwa Tsafe, ko ta Sakkwato zuwa Bunguɗu, haka za ka tarar. Ranar da ke dukan rufin wannan ita ke dukan na wancan. To, me ya raba su?

Waɗansu su kan ce rashin wayewa ne. Mu ba mu yarda ba. Tun ran 29 ga Mayu 1999 ba a yi canjin da ya girgiza aljihun mai janareta kamar na ran 29 ga Mayu 2023 ba, sa'ad da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga wajen Naira 185 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Daga ran nan ba wanda ke bukatar a yi masa wa'azin amfanin sola. Dalilan dai uku ne.

Na farko, kuɗi a dunƙule. Fetur a kan saye shi kaɗan kaɗan, amma faranti da batir da inbata, watau na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, sai an biya su gaba ɗaya. Yawancinsu kuwa daga ƙasar Sin su ke zuwa, sai faɗuwar darajar Naira tun daga 2023 ta ƙara musu tsada. Attajiri ya kan biya nan take, malamin makaranta kuwa sai ya jira ƙarshen wata.

Na biyu, rufin kansa. Mai gidan kansa ya san zai ci moriyar farantin da ke kai shekara 20 yana aiki. Ɗan haya fa? Ba zai kashe dukiyarsa bisa rufin wani ba, mai gidan kuma ba zai saya wa wani wuta ba. Haka nan gidan gado, inda magada ke zaune ba a raba ba, da wuya a sami mai cewa ni zan biya.

Na uku, ilmin abin. Wani ya sayi ƙaramin batir ya ɗora masa firji da dutsen guga, batir ya mutu tun bai shekara ba. Sai maƙwabta su ce sola yaudara ce. Wani kuma ya bar ƙurar hunturu ta rufe farantin, ƙarfinsa ya ragu. Labarin mutum ɗaya da ya yi hasara ya kan hana unguwa guda.

Nan ne aikin malamai da akawuna ya shigo, gama lissafi ne kawai. Ƙwai 5 masu wat 10, su yi awa 5, sun ci 250. Fanka mai wat 60, ta yi awa 8, ta ci 480. Jimla 730 ke nan. Faranti mai wat 300, in ya sami awa 5 na rana sosai, zai ba da wajen 1,500 kafin a cire abin da ke zurarewa a waya da batir. Ashe faranti ɗaya ya isa yara su yi karatun dare, a kuma yi barci cikin zafin bazara.

Saboda haka shawararmu ita ce, kowa ya auna bukatarsa tukuna, ya fara da kaɗan, ya ƙara in hali ya samu. Ma'aikatan ofis ɗaya su yi adashi, kowane wata a haɗa wa mutum guda. Ɗan haya ya yi yarjejeniya a rubuce cewa in ya tashi zai kwance kayansa. Malamai kuma su koya wa almajiransu wannan lissafi, don su kai shi gida. Allah ya sa mu dace, amin.