Ɗan Riƙo da Sauyin Harshe

Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, sai dai hare-haren 'yan bindiga a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun ƙara yawan marayun da dangi ke ɗauka, wani lokaci zuwa garin da ba Hausa ake yi ba. Yaro ɗan shekara biyu da aka sauya wa hannu da harshe yakan yi shiru, ya riƙa ƙyuya. Kada malami ya ɗauka daƙiƙanci ne. Sauraro yake yi. Harshen farko kuwa ba ya gushewa ɗungurungum. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa 'yan Koriya da aka riƙa a Holan tun suna ƙanana, da suka girma sun fi 'yan ƙasar saurin gwanancewa da furucin harshen Koriya.