Wutar Lantarki Daga Kogin Kano: Ina Hanyar Kifi?

Duk wanda ya taɓa karatun jarrabawar WAEC ko NECO da tocilar waya ya san zafin ɗaukewar wuta. Mu da muka taso a Dawakin Kudu mun sha wannan, ga shi kuwa Kogin Kano na wucewa ta Tamburawa dare da rana. Shi ya sa muka yi murna da muka ji gwamnatin jiha ta sa injina a madatsar ruwa ta Tiga domin samar da megawat 10, da niyyar ba matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni wuta. Sai da muka shiga jami'a muka gane akwai tambayar da ba mu taɓa yi ba: idan aka tare kogi, ta ina kifi zai bi?

Ruwan da ya raya Kura da Bunkure

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tsayin bangonta ya kai mita 48, an kuma gina ta ne domin ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan babban kanal ke ɗauko ruwa zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafar da muke ci da tumatirin da ake lodawa zuwa Legas albarkar wannan ruwa ne. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa a yankin Ƙaraye.

Amma kogi ba ya ƙarewa a garinmu. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, sannan ya nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsun, ambaliyar damina da ke cika waɗannan fadamu ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, masunta da manoman can suka ji a jikinsu.

Kifi ma matafiyi ne

Da yawanmu mun ɗauka kifi yana zaune ne wuri ɗaya. Ba haka ba ne. Idan ruwan damina ya sauka, kogi ya kawo, kifaye irin su kawara sukan yi ayari su hau sama, suna fuskantar ruwa. Tarwaɗa kuma takan fita daga tsakiyar kogi ta shiga ciyayin da ruwa ya shanye, ta zuba ƙwai a can. A fadama 'ya'yan kifi ke samun abinci da maɓoya, idan ruwa ya fara janyewa sai su koma kogi da girmansu.

Madatsa kan cuci wannan tafiya ta hanya uku. Ta farko, bango yana tare mai hawa. Ta biyu, kifin da ke gangarowa yana iya faɗawa cikin farfelar inji ta sare shi. Ta uku, idan aka riƙe ruwan damina aka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, kifi ba ya samun alamar cewa lokacin haihuwa ya yi, fadamar da zai zuba ƙwai ma ba ta cika ba. Idan kifi bai hayayyafa bana ba, komar masunci za ta fito wayam baɗi.

Yadda ruwa ke zama wuta

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan SS2 ba. Abu biyu ake dubawa: yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, da tsayin da yake faɗowa. A ninka su, sannan a ninka da 9.8, sai a sami kilowat. Misali, kubik mita 1, wato jarka 40 mai cin lita 25, idan yana faɗowa daga mita 3 a kowace daƙiƙa, zai ba da kusan kilowat 29. Bayan an cire asarar inji, a ce saura kilowat 20. Wannan ya isa ya kunna ƙwan fitila 2,000 masu wat 10. Ashe ba sai an yi ƙaton bango ba kafin makaranta da asibitin ƙauye su sami haske. Ƙaramar tasha kuma ta fi sauƙin barin wa kifi hanya, domin hawan mita 3 ba ɗaya yake da hawan mita 48 ba.

Kuskuren da wasu suka yi

Dabarar da aka fi sani ita ce tsanin kifi: jerin ƙananan kududdufai, kowanne ya ɗara na ƙasansa kaɗan, ruwa na gangarowa ta cikinsu. An ƙware a kansa ne a Turai da Amurka saboda kifin salmon, gwanin tsalle. Kifayen ƙasashe masu zafi kuwa iri-iri ne, da yawansu ba sa tsalle, wasu kamar kurungu ma ƙasan ruwa suke bi.

A Mali, madatsar Markala da ke kan Kogin Neja tana da hanyar kifi, amma ta yi wa ɗimbin kifin da ke taruwa a gindinta kaɗan. A Tailan, an gama madatsar Pak Mun a 1994 da tsani irin na salmon, bai yi aiki yadda aka zata ba. Masunta suka yi ta zanga-zanga har gwamnati ta amince a riƙa buɗe ƙofofin wasu watanni a shekara. Brazil kuma ta bi wata hanya a madatsar Itaipu: ta yi wa kifi rafi na musamman mai tsawon kusan kilomita 10 da ke zagaye bangon.

Abin da ya dace da kogunanmu

Daga waɗannan darussa, ga abin da injiniyoyi ke lura da shi. Hanyar kifi ta zama mai gangare a hankali, a shimfiɗa mata duwatsu kamar rafin Allah, da wuraren hutawa. Bakinta ya kasance daf da inda ruwa ke fitowa daga inji, domin kifi ƙarfin ruwa yake bi. A sa raga mai ƙananan idanu a mashigar inji, da wata kafa a gefe da kifin da ke gangarowa zai bi. A zaɓi inji mai juyawa a hankali, kamar injin Akimidis, mai kama da ƙaton noti a kwance, wanda kifi kan bi ta cikinsa ya fita lafiya. Sannan a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina domin fadama ta sha.

A ganinmu, wuri mafi dacewa a fara shi ne kanal-kanal na Kura da Bunkure, a wuraren da ruwa ke faɗowa daga tudu. Ruwan dama kan hanyarsa ta zuwa gona yake, inji ba ya shanye shi, kuma ba a ƙara tare kogi ba.

Sai dai kafin a zana komai, dole a san wane kifi ke tafiya, a wane wata, kuma girmansa nawa. Wannan ilimi yana wajen masunta, yana kuma wajen masana na cibiyar binciken kifi da ke New Bussa.

Naku aikin

Ƙannenmu na Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu da sauran makarantu, ga aikin da kulob ɗin kimiyya zai iya yi a wannan zango. Ku je wajen masunta a Tamburawa ko Wudil tare da malaminku, ku gaishe su da ladabi, ku rubuta sunayen kifayen da suke kamawa, da watan da kowanne ke yawa, da waɗanda suka daina gani. Kada kowa ya shiga ruwa ko ya tsaya a bakin kanal mai ƙarfi. Ku adana littafin, 'yan ajin da ke bayanku su ɗora a kai.

Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil suna koyar da injiniyanci da ilimin halittu. Wanda zai zana tashar da za ta haska ajinmu ba tare da ta hana masunci abincinsa ba sai ya riƙe fiziks da bayoloji hannu bibbiyu, saboda haka kada ku yar da ɗaya don ɗaya.