Ko Kun Sani?

MNIST, tarin bayanan da galibin masu koyar da kwamfuta gane hoto suke fara gwaji da shi, hotuna 70,000 ne na lambobi 0 zuwa 9 rubutun hannu. Yann LeCun da abokan aikinsa ne suka haɗa shi a shekarun 1990. Tun farko hukumar NIST ta Amurka ta ware rubutun ma'aikatan ƙidaya don horar da kwamfuta, na 'yan sakandare kuma don gwaji, alhali na yaran ya fi karkacewa. Shi ya sa aka gauraya su, aka daidaita kowane hoto zuwa ɗigo 28 a tsaye, 28 a kwance. Hotuna 60,000 na horo ne. Sauran 10,000 kuwa ana ɓoye wa kwamfuta su sai ranar jarrabawa.